Karatun tarihin fasaha: wane aiki yaro zai ci da shi?

A gidan tarihin da nake aiki, tambayar da iyaye suka fi yi mini ke nan idan ɗansu ya ce zai karanci tarihin fasaha a jami'a. Wasu kuma sai sun kewaya, amma abin da ke ransu shi ne ko karatun gumaka ne.

Ɗalibin wannan fanni ba dole ne ya iya zane ba. Ido ake horar masa. A miƙa masa tsohuwar babbar riga, ya gane aska takwas ce ko aska biyu, saƙin hannu ne ko yadin kanti, zaren tsamiya ne ko siliki, sannan ya rubuta hujjarsa yadda wani masani zai iya bin sawu. Haka zayyanar Alƙur'ani rubutun hannu, da dagin da ke jikin soro, da tukwanen Ladi Kwali wadda hotonta ke bayan naira 20. A Jami'ar Ahmadu Bello ana karanta wannan fanni a sashen zane-zane, sashen da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi karatu tun makarantar tana kwaleji, har suka kafa ƙungiyarsu ta masu fasaha ta Zariya a 1958.

Aikin da kowa ya sani shi ne na Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, mai kula da irin gidan tarihin Jos da Gidan Makama na Kano. Gaskiya guraben ba su da yawa, kuma albashin na gwamnati ne. Koyarwa a jami'a kuwa sai da digiri na biyu, a ɗora da na uku.

Inda nake ganin ƙofa ta buɗe shi ne binciken asalin kaya. Sojojin Ingila sun kwashe kayan tagulla na fadar Benin a 1897, sai a 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu. Kafin a kai nan, sai da wasu suka zauna suna bin tsofaffin rajistoci da rasiɗan dillalai, wa ya saya, daga hannun wa, a wace shekara. Kayan Nok ma, da aka fara tsinta a wurin haƙar kuza a 1928, an yi ta fitar da su ta ɓarauniyar hanya, kuma ba a karɓo abu da baki sai da takarda. Masu gwanjo su ma suna neman mai wannan ido: zanen Tutu na Ben Enwonwu ya kai fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, kuma ba a biyan irin wannan kuɗi sai masani ya tabbatar ba jabu ba ne.

Sai gyaran tsofaffin gine-gine. Da wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a watan Agusta na 2023, kowa ya ga amfanin mai auna gini ya ɗauki hotonsa ya rubuta tun yana tsaye.

Digirin shi kaɗai ba ya isa, wannan kam ina faɗa wa kowane ɗalibi. A haɗa shi da Faransanci ko Jamusanci, ko ɗaukar hoto, ko ilimin sinadarai don adana kaya. Wanda ya yi makarantar allo yana da jarin da bai sani ba, domin a wuraren ajiye rubuce-rubucen hannu irin Arewa House a Kaduna, mai karanta ajami da Larabci da ya kuma san takarda da tawada abin nema ne. Ɗalibi ya nemi yin horon sanin makamar aiki a gidan tarihi tun yana aji biyu, kuma ya roƙi a sa shi a ɗakin ajiya da rajista, kada ya tsaya a rakiyar baƙi.