Yadda Ake Auna Kamun Shafen Tangaran A Jikin Ƙarfe

Ɗan kasuwar da ke sarin langa da fanteka da samira yakan dubi ƙyalli da kyawun zane kafin ya biya kuɗi. Amma abin da ke raba riba da hasara a wannan haja shi ne yadda shafen ya kama ƙarfen, kuma ido ba ya ganin wannan.

Shafen nan ba fenti ba ne. Garin gilas ne ake shafa wa ƙarfe, a gasa a zafin digiri 800 zuwa 850 har ya narke ya manne. A shimfiɗar farko akan zuba sinadarin kobal ko nikel, domin su ne ke sa gilas ya riƙe ƙarfe. Idan aka yi tsimin su, ko aka gasa ƙarfe da maiƙo a jikinsa, kwano zai fito yana walƙiya, amma faɗuwar farko zai ɓantare, tsatsa ta shiga.

Gwajin da masana'antu suka saba yi shi ne na bugu. Akan sako wani ƙarfe mai ƙayyadadden nauyi daga ƙayyadadden tsawo a kan samfur har ya lotsa. Tilas ne shafen ya fashe, saboda haka gurbin ake dubawa. Idan baƙar shimfiɗar farko ta rage manne a wurin, kamu ya yi kyau. Idan kuwa tsurar ƙarfe ya bayyana fes, kayan ba su da aminci. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 10209 ta kasa sakamakon zuwa daraja biyar, ta ɗaya ce mafi inganci.

Kayan injuna da ake fesa wa tangaran suna da nasu gwajin, watau ASTM C633 na Amurka. Akan liƙa wani ƙarfe a kan shafen da gam mai ƙarfi, a ja da na'ura har su rabu, a rubuta ƙarfin jan. A nan akwai abin lura: idan gam ɗin ne ya fara saki, adadin da aka samu na gam ne, shafen ya fi haka ƙarfi.

Akwai kuma aibin da ke jinkirin bayyana. Iskar haidirojin da ta maƙale cikin ƙarfe lokacin gashi takan tunkuɗo shafen, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon kifi kwanaki bayan kaya sun bar masana'anta. Don haka babban mai sari zai kyauta wa kansa idan ya nemi takardar gwaji, ya kuma sa sharaɗin mayar da kaya cikin yarjejeniyar ciniki.