Zargin Sa Hannun Baƙi Cikin Zaɓe da Yadda Ake Bincikensa

Zaɓe hakki ne na 'yan ƙasa su kaɗai. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 ikon jefa ƙuri'a, bai ba baƙo ba, kome daɗewarsa a ƙasar. Sashe na 225 kuma ya hana jam'iyyar siyasa ajiye dukiya a ƙasar waje, ko riƙe kuɗin da aka aiko mata daga can. In an aiko, wajibi ne ta miƙa su ga Hukumar Zaɓe cikin kwana 21. Saboda haka duk sa'ad da aka ce wasu daga waje sun sa hannu cikin zaɓe, magana ce babba wadda ta cancanci bincike. Inda wuyar take shi ne wanda zai yi binciken, da abin da za a yi da sakamakonsa. Wannan darasi zai duba gardamar da aka yi a kan haka cikin 2018, sa'an nan ya koma Jos, inda jama'a suka riga suka ɗanɗana irinta tun shekara goma kafin nan.

Abin da aka fallasa

A watan Maris na 2018 jaridun Guardian da Observer na Ingila suka buga labarin wani kamfani mai suna Cambridge Analytica, wanda sana'arsa tattara bayanan masu zaɓe da tsara wa 'yan takara farfaganda. Jaridun suka ce wani attajiri ɗan Nijeriya, mai son Shugaba Goodluck Jonathan ya zarce, ya ɗauki kamfanin haya a kan kuɗi kimanin fam miliyan 2 gab da zaɓen 2015. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin suka ba da labarin cewa wasu Isra'ilawa masu kutse cikin kwamfuta sun kawo musu takardun sirri na ɗan takarar jam'iyyar APC, marigayi Janar Muhammadu Buhari, waɗanda suka shafi lafiyarsa da dukiyarsa. Kamfanin ya yarda ya yi aikin talla domin yaƙin neman zaɓen Jonathan, amma ya musanta amfani da kayan sata. Jaridun kuwa sun faɗi a fili cewa babu wata alama da ta nuna Shugaba Jonathan ya san da wannan aiki na ɓoye.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wani ɗan gajeren fim. Christopher Wylie, tsohon ma'aikacin kamfanin, ya ba da shaida gaban wani kwamiti na Majalisar Dokokin Ingila ran 27 ga watan Maris 2018, ya kuma miƙa wa kwamitin fim ɗin. An cika shi da hotunan yanka da ƙona mutane, ana tsoratar da mai kallo cewa haka ƙasa za ta koma in Buhari ya ci. Wylie ya ce wani kamfanin Kanada mai suna AggregateIQ aka ba aikin yaɗa shi. Kamfanin ya ce an kawo masa, amma bai yaɗa ba.

Mutumin Filato ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan haɗarin irin wannan hoto. Cikin watan Yuni na wannan shekara ta 2018, bayan kashe-kashen da aka yi a gundumar Gashish ta Barikin Ladi, wasu hotuna suka bazu a Facebook ana cewa na waɗanda aka kashe ne. Gidan rediyon BBC ya bi diddigi, ya gano ɗaya daga cikinsu, wani bidiyo, an ɗauke shi ne tun 2012 a ƙasar Kwango. Kafin gaskiya ta fito, samari sun tare hanya sun kashe matafiya 11 waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ba wanda ya ce wani kamfanin waje ne ya kitsa wannan. Amma ya nuna abin da hoton ƙarya yake iya yi a garin da Kirista da Musulmi suke cin kasuwa ɗaya, kowa kuma yana da mamacin da bai manta ba.

Yadda gardama ta kasance

A farkon watan Afrilu 2018 kakakin Shugaban Ƙasa, Malam Garba Shehu, ya ba da sanarwa cewa Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti na cikin gida domin ya duba ko aikin kamfanin a zaɓen 2007 da na 2015 ya saɓa wa doka. Ya ce binciken yana iya kaiwa ga naɗa mai bincike na musamman, har da kai mutane kotu ta hannun Babban Lauyan Tarayya.

Masu goyon bayan binciken suna da hujja mai ƙarfi. In an saci takardun asibitin ɗan takara bana aka ƙyale, baɗi na wani za a sata, kowace jam'iyya yake ciki. Faɗuwar wanda aka yi wa aikin ba ta wanke laifin ba, kamar yadda ɓarawon da ya fasa rumbu bai sami hatsi ba ba ya zama mai gaskiya.

Jam'iyyar PDP ta ce babu wani jami'inta da aka ambata cikin lamarin, kuma gwamnati tana neman kau da hankalin jama'a ne ga zaɓen 2019 yana ƙaratowa. Ta ce in bincike za a yi, a yi shi a fili, a haɗa da inda kuɗin yaƙin neman zaɓen Buhari suka fito. Wasu kuma suka tuna cewa APC ita ma ta ɗauki wani kamfanin Amurka haya cikin 2014, watau AKPD, wanda David Axelrod, mashawarcin Shugaba Obama, ya kafa. A nan ya kamata mai karatu ya rarrabe. Ɗaukar baƙo ya tsara talla ko ya auna ra'ayin jama'a, a biya shi ladansa, wani abu ne. Satar wasiƙun mutum da rura wutar addini kuwa wani abu ne dabam. Duk wanda ya cakuɗa su biyun, ko dai bai gane ba, ko kuwa yana so a rikice. Amma ƙorafin 'yan adawa na farko yana da tushe: wanda aka ce an zalunta shi ne ke kan mulki, shi ya kafa kwamitin, shi ya naɗa Babban Lauyan da zai shigar da ƙara, kuma shi ne ɗan takara a zaɓe mai zuwa.

Akwai kuma cikas na shari'a da ba a cika kula da shi ba. An yi zaɓen ran 28 ga watan Maris 2015, ita kuwa dokar hukunta laifuffukan intanet sai a watan Mayu na shekarar aka sa mata hannu. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya hana a hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a doka lokacin da ya aikata shi. Ke nan tilas mai gabatar da ƙara ya nemi hujja daga tsofaffin dokoki, alhali mutanen da ake zargi suna Landan da Isra'ila. A watan Mayu 2018 ma kamfanin ya rufe ƙofarsa.

Ko aikin ya juya ƙuri'a? Buhari ya sami ƙuri'a sama da miliyan 15, Jonathan ya sami kusan miliyan 13. A Jihar Filato Jonathan ne ya yi rinjaye, amma bayan mako biyu mutanen jihar suka zaɓi Simon Lalong na APC ya zama gwamna. Mai zaɓe yana da nasa lissafi.

Abin da Jos ta gani

Ran 27 ga watan Nuwamba 2008 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Filato. Washegari, tun ba a bayyana sakamakon Jos ta Arewa ba, gari ya kama da wuta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum 700 ko fiye suka mutu cikin kwana biyu. Nan da nan maganar baƙi ta taso: gwamnatin jihar ta ce an shigo da sojojin haya daga Nijar da Cadi, har an kama wasu. Jakadan Nijar ya musanta, ya ce waɗanda aka kama 'yan ga-ruwa ne da suka daɗe suna zaune a Jos. Wannan tambaya ce mai amsa, domin mutanen suna hannu, ana iya sanin ko su wane ne. Abin da aka rasa shi ne mai binciken da ɓangarori biyu za su yarda da maganarsa.

Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye mai ritaya. Gwamna Jonah Jang ya ce Gwamnatin Tarayya ba ta da wannan iko, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, ya kuma kafa tasa hukumar ƙarƙashin Bola Ajibola, tsohon Babban Lauyan Tarayya kuma tsohon alƙali a Kotun Duniya. Gwamnan ya dogara ne ga hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke cikin 2003 a shari'ar da ta taso daga Hukumar Oputa, inda ta ce ikon Gwamnatin Tarayya na kafa hukumar bincike mai tilasta wa shaidu halarta bai wuce Abuja ba, saura na jihohi ne.

Dukan mutanen biyu dattawa ne masu daraja, amma darajarsu ba ta hana zargi ba. Da yawa daga 'yan asalin Filato ba su manta cewa Abisoye ne ya shugabanci binciken yunƙurin juyin mulkin Dimka na 1976 ba, wanda bayansa aka harbe hafsoshi da dama na yankin, har da tsohon Gwamna Joseph Gomwalk. Shugabannin Musulmin Jos su kuma suka ƙaurace wa hukumar Ajibola, suka ce gwamnatin da suke ƙara ita ce ta naɗa alƙali. Sai ya zama kowace hukuma kusan kunne ɗaya take saurara da shi. Ajibola ya miƙa rahotonsa a watan Oktoba 2009, kuma a watan Janairu 2010 Jos ta sake kamawa. Kafin wannan ma akwai rahoton Mai Shari'a Fiberesima kan rikicin 1994 da na Mai Shari'a Niki Tobi kan na 2001, waɗanda suka yi shekaru a ajiye kafin jama'a su gan su.

Zargin baƙi yana da daɗin faɗa ga mai mulki, domin yana ɗauke laifi daga gida ya kai shi ƙetare. Yana kuma da daɗi ga wanda ya faɗi zaɓe, domin ya huta da tambayar me ya sa jama'a suka ƙi shi. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci ƙarya. Hanyar rarrabewa ita ce a zauna a fili, shaidu su yi rantsuwa, wanda ake zargi ya sami damar kare kansa, a sa ranar gamawa, a kuma buga rahoton kowa ya karanta. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Amurka, Robert Mueller, wanda aka naɗa a watan Mayu 2017 ya binciki katsalandan ɗin Rasha cikin zaɓen 2016, ya tuhumi Rashawa 25 da sunayensu, aka kuma buga rahotonsa a watan Afrilu 2019, ko da yake an rufe wasu sassa. Gardama ba ta ƙare ba a can, amma masu gardamar suna da takarda ɗaya a gabansu.

A nan gida, kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun cikin Disamba 2008 a kafa hukuma ta musamman mai zaman kanta domin binciken laifuffukan zaɓe da gurfanar da masu yi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta fito ba tare da ita ba. Kwamitin 2018 kuwa, har wa'adin Shugaba Buhari ya cika a watan Mayu 2023 ba a buga rahotonsa ba, ba a kuma kai kowa kotu ba. Ƙarin bayanin da aka samu daga 'yan jarida ya zo. A tsakiyar watan Fabrairu 2023 haɗin gwiwar wasu jaridun duniya ya bayyana wata ƙungiyar Isra'ilawa da ake kira Team Jorge, ƙarƙashin wani mai suna Tal Hanan, tare da wasiƙun da suka nuna ta yi hulɗa da Cambridge Analytica kan zaɓen Nijeriya na 2015. Hanan ya ce bai aikata wani laifi ba. Labarin ya fito saura kwana goma 'yan Nijeriya su koma rumfunan zaɓe ran 25 ga watan.