Filin Shawara: Yarinyar da Ke Tsallen Igiya a Kurkuku

Anti,

An sa ranar aurena bayan Babbar Salla, amma wata magana ta tsaya min a rai, kuma ina jin nauyin faɗa wa Ummanmu don za ta ce a kan fim nake neman tayar da fitina. Ran Asabar da ta wuce wanda zan aura ya zo zance, muka kalli wani fim na ƙasar Afganistan mai suna Osama a kwamfutarsa, ni da shi da ƙanena. A ƙarshe an ba wani tsohon malami auren yarinyar, ya kai ta gidansa ya kulle, sai kawai aka nuno ta tana tsallen igiya a cikin kurkuku, fim ya ƙare. Ni dai kuka nake ta yi. Ƙanena ya ce mutuwa ta yi, ruhinta aka nuna. Shi kuwa wanda zan aura, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai ta ma yi sa'a, kashe ta za a yi, yanzu ga shi ta samu ɗaki da abinci. Wai wasan igiyar alama ce ta haƙura ta saki jikinta, da babu gara ba daɗi. Anti, tun ranar in na rufe ido kwaɗon da aka kulle ta da shi nake gani. Ƙawata ta ce in fasa, wai mai irin wannan tunani wata rana ni ma zai kulle ni. Don Allah me ƙarshen fim ɗin yake nufi? Kuma ni ce na cika ɗaukar abu da zafi, ko da gaske akwai abin tsoro?

Ɗiyarki daga Zariya

'Yata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Tambaya biyu kika kawo min a ƙunshi ɗaya. Bari mu fara kwance ta fim ɗin, don ita ta fi sauƙi.

Saboda waɗanda ba su gani ba: Siddiq Barmak ne ya shirya Osama, ya fito a 2003, bayan faɗuwar mulkin Taliban na farko wanda ya riƙe Kabul daga 1996 zuwa 2001. Ya ci kyautar Golden Globe a 2004. Labarin gida ne na mata uku, kaka da uwa da yarinya 'yar shekara 12, yaƙi ya cinye mazan gidan, an rufe asibitin da uwar ke aiki, kuma an hana mace fita ba muharrami. Da yunwa ta ishe su sai suka aske wa yarinyar kai, suka sa mata kayan mahaifinta, ta fita neman abinci a matsayin namiji. Dabarar tsohuwa ce a can, bacha posh suke ce mata. Sai aka kwashe samarin unguwa zuwa makarantar Taliban har da ita, aka rataye ta cikin rijiya don horo, jinin al'ada ya tona asirinta.

Yanzu ki tuna tatsuniyar da kakarta ke yi mata da dare tana shafa kanta: wai duk wanda ya wuce ta ƙarƙashin bakan gizo, in namiji ne zai koma mace, in mace ce za ta koma namiji. Da farko sunan fim ɗin ma Bakan Gizo ne, kuma Barmak ya shirya masa ƙarshe mai daɗi inda yarinyar za ta wuce ƙarƙashin bakan gizo ta tsira. Da ya zauna da abin da ya gani a ƙasarsa, da abin da ya ji daga bakin Marina Golbahari, yarinyar da ya tsinta tana bara a titin Kabul ya ba ta wannan matsayi, sai ya ga wancan ƙarshen ƙarya ne, ya yanke shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa mai fim ɗin da hannunsa ya toshe ƙofar daɗin baki. Duk fassarar da za ta ce yarinyar ta samu sauƙi, tana neman maido da bakan gizon da mai shi ya jefar ne.

Ƙanenki ya kusa, amma ya zarce. Ba a nuna gawa ba, ba a nuna makoki ba. Abin da aka nuna ya fi haka nauyi. Tsohon ya ɗauko kwaɗuna ya ce ta zaɓa, kamar yadda ake baje wa amarya zannuwan lefe, kuma mafi girman ya ware mata. Wannan ne kaɗai zaɓin da aka taɓa ba ta tun farkon fim. Daga nan sai muka gan shi cikin ruwan zafi yana wanka. Kin tuna shi ne ya tara yaran makaranta a gidan wanka yana koya musu wankan tsarki? An shuka wancan darasin ne tun da wuri don idan muka ga wannan wankan kada mu buƙaci bayani. Barmak ya rufa wa yarinyar asiri, bai rufa wa tsohon ba.

Sai igiya. Ki dubi inda take tsallen. Da ana so a ce ta saki jikinta, a tsakar gidan mijin za a nuna ta, cikin kishiyoyinta. Amma kurkuku aka mayar da mu, wurin da ta zauna tana jiran hukunci. Ma'ana, an fitar da ita daga kurkuku, kurkukun bai fita daga gare ta ba: gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Ki kuma dubi wasan kansa. Mai tsallen igiya ƙafarta na tashi tana sauka, gumi na zuba, amma ko taku ɗaya ba ta ƙara gaba. Kwanakin da suka rage mata ke nan. Duk da haka wasan 'yan mata ne, wasan 'yar shekara 12, kuma a cikin kanta take yin sa, inda babu ƙofar da za a rataya wa kwaɗo. An raba ta da gashinta, da sunanta, da uwarta, wannan ɗan abin ne ya rage nata na kanta. Ni a ganina hoton yana ɗauke da duka biyun, ɗauri da ɗan abin da ya gagari ɗauri, kuma da gangan aka ƙi raba mana su. Kukan da kika yi daidai ne, kin fahimci fim ɗin kafin ki iya faɗar abin da kika fahimta.

Yanzu mu zo ga angon naki. Fassararsa ba daidai ba ce, amma na san inda ya samo ta. Mu duka a kan finafinan Indiya da na Kannywood muka tashi, inda ɗaurin aure ke nufin wahala ta ƙare, a watse. Idonmu ya saba. Sannan da yawa daga mazanmu an tarbiyyantar da su a kan cewa in ka ba mace ci da sha da sutura da wurin kwana ka gama sauke haƙƙi. Da wannan mudun ya auna, ya ga ya cika. Irin wannan lissafi ana samun sa a bakin azzalumi, ana kuma samun sa a bakin mutumin kirki wanda bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba. Jimla ɗaya a gaban kwamfuta ba za ta bambance miki su ba.

In kuma ya fake da addini, ki tuna masa cikin ladabi cewa Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, kuma aka warware auren. Hadisin yana cikin Bukhari. Da Taliban suka hana mata shiga jami'a a Disamban 2022, Shaihin Azhar, Ahmad al-Tayyib, yana cikin waɗanda suka fito suka ce hakan ya saɓa wa shari'a. Tausayin yarinyar nan ba sukar Musulunci ba ne.

Don haka kada ki fasa aure a kan fim, ƙawarki ta yi gaggawa. Amma kada ki haɗiye maganar. In ya sake zuwa zance, bayan kun gaisa ya sha ruwa, ki tambaye shi a hankali: da ƙanwarsa ce aka kai gidan tsohon nan, zai ce ta yi sa'a? Ki bar shi ya yi shiru in zai yi. Daga nan ki gangaro kan naki: karatunki, sana'arki, zuwa gida gaida su Umma, wayarki, ƙawayenki. Ki ji amsa ɗaya bayan ɗaya tun yanzu, kafin goro ya shiga hannun mutane. Ki kuma lura da fuskarsa lokacin da kika saɓa masa, labarin zuciya a tambayi fuska. In ya saurara, ya ce bai kalli abin ta nan ba, to kin samu miji mai jin magana. In ya harzuƙa don kawai kin yi tambaya, ko ya ce mace ba ta da ta cewa, to wannan ba maganar fim ba ce kuma. Ki kai wa Ummanku ko wata gwaggonki mai hankali, ki yi istihara, manya su zauna tun da sauran lokaci.

*

Salam Hajiya,

'Yata mai shekara 10 ta kalli wani katun mai suna The Breadwinner, labarin wata yarinya Parvana a Kabul. A ƙarshe ta fito da babanta daga kurkuku, uwarta da yayarta kuma suna wata hanyar daban cikin dare, jiragen yaƙi na wucewa, sai aka gama. Kwana uku ke nan tana bina har madafa tana tambaya: "Inna, sun haɗu?" Na ce mata sun haɗu don ta yi barci, sai ta ce to me ya sa ba a nuna ba. Na rasa ta cewa. Yaya zan yi da ita?

Wata uwa daga Maraɗi

Ƙanwata, Allah ya raya mana ita. Yarinyar da ta kama ki a kan amsar da kika yi don ta yi barci, yarinya ce mai kai, kada ki sake yi mata irin wannan amsar. Ki ce mata gaskiya: ba a nuna ba, kuma ba mantawa aka yi ba.

Fim ɗin na 2017 ne, Nora Twomey ta ƙasar Ailan ta shirya shi daga littafin Deborah Ellis 'yar Kanada, wadda ta tattara labaran matan Afganistan a sansanonin 'yan gudun hijira a Pakistan. An tsayar da labarin ne a daren da yaƙin 2001 ya fara. A irin wannan dare wasu iyalan sun haɗu, wasu har yau ba su ji ɗuriyar juna ba. Da an nuna rungume-rungume an ci amanar waɗannan, da an nuna mutuwa an ci amanar waɗancan. Shi ya sa aka bar su a kan hanya.

Sai dai wannan ƙarshen ba irin na Osama ba ne, yana da ƙofa a buɗe, kuma za ki iya kama hannun 'yarki ki nuna mata. Ki tambaye ta: wa ya canja a fim ɗin? Za ta tuna uwar, wadda da farko duka ya kwantar da ita, amma a ƙarshe ta tsaya gaban ɗan'uwansu da ya zo tafiya da su, ta damƙe kaifin wuƙarsa da tafin hannunta har ya ja da baya. Za ta tuna Razaq, ɗan Taliban ɗin da bai iya karatu ba, wanda Parvana ta karanta masa wasiƙar rasuwar matarsa, shi ne daga baya ya saɓo mata babanta a kafaɗa ana harbi. Za ta tuna Parvana da kanta, wadda sai a daren nan ta iya faɗar yadda yayanta Sulayman ya mutu, ya tsinci abin wasa a titi ya fashe da shi. Waɗannan duka an gama su, an nuna. Haɗuwar ce kawai aka bari a hannun Allah, kamar yadda take a rayuwa.

Akwai wani abu da ke ce kaɗai za ki riƙe, ita sai ta ƙara girma. Parvana da ƙawarta Shauzia sun yi alkawarin haɗuwa a bakin teku bayan shekara 20. Ki lissafa daga 2001, zai ba ki 2021, shekarar da Taliban suka sake shiga Kabul ranar 15 ga Agusta. Masu fim ɗin ba su san haka za ta faru ba. Tun daga lokacin an rufe wa 'yan mata makaranta daga aji bakwai zuwa sama. Wato yarinya kamar taki a Kabul, shekara ɗaya ko biyu suka rage mata a aji. In lokacin faɗa mata ya yi, ki faɗa mata a hankali, ba don ki tsorata ta ba, don ta san darajar allon da littafin da ke jakarta.

Yau da dare kuwa, ki ba ta takarda da biro ki ce ta rubuta miki yadda take ganin gari ya waye musu: wa ya fara hango wa, me suka ci, ina suka kwana. Parvana ma da tatsuniya ta riƙe ƙaninta da kanta a cikin tsoro. In ta gama ta karanta miki, ki saurara har ƙarshe ko da tuwo na kan wuta, sannan ku yi wa 'yan matan can addu'a tare kafin ta kwanta.