Haihuwa da ƙuruciya

Showak gari ne a ƙasar Sudan, bakin kogin Atbara. Akwai Hausawa a yankin, jikokin mahajjata. Can ma, kamar a Maraɗi, ana aurar da ƴan mata da wuri. Binciken 2014 ya nuna mace ɗaya cikin uku a Sudan ta yi aure kafin shekara 18. Na Nijar, a 2012, ya nuna uku cikin huɗu.

Ƙugun yarinya bai gama buɗewa ba. In ta yi ciki, naƙuda tana iya daɗewa, ta jawo yoyon fitsari ko mutuwa. Jaririn kuma yakan zo ƙarami.

A bar yarinya ta gama girma tukuna. Mai ciki kuwa ta riƙa zuwa awo.

Tambayoyi
1. Ina Showak take?
2. Me doguwar naƙuda take jawowa?