Jirgi Mai Matashin Iska

A can ƙasar Rasha, cikin yankin Sabiriya, akwai wani babban tafki da ake kira Baikal. Duk duniya babu tafkin da ya kai shi zurfi, gama zurfinsa ya fi mita 1,600. A cikinsa akwai wani tsibiri, Olkhon, inda mutane ke zaune da iyalinsu da dabbobinsu.

Lokacin zafi jirgin fito ne ke kai su gaci. In sanyi ya tsananta kuwa, wajen watan Fabrairu, ruwan ya kan daskare ya zama ƙanƙara mai kauri, har motoci su riƙa bi ta kai. Amma akwai waɗansu makonni a tsakani, su ne masu wuya. Ƙanƙarar ta yi taurin da jirgin ruwa ba ya iya ratsa ta, ba ta kuwa yi kaurin da za ta ɗauki mota ba. Wanda ya yi garaje ya hau, sai ta burma da shi. To, in wani ya kwanta ciwo a tsibirin, yaya ke nan?

Nan ne jirgi mai matashin iska ke da rana. Wani Baturen Ingila, Christopher Cockerell, shi ya ƙago shi. Ya fara gwaji ne da gwangwani biyu, ƙarami cikin babba, yana hura iska ta tsakaninsu. A shekarar 1959 jirginsa na fari ya haye teku daga Faransa zuwa Ingila.

Ga yadda ya ke aiki. Akwai fanka a cikinsa mai tura iska ƙarƙashinsa da ƙarfi. An kuma kewaye gindinsa da roba kamar zane, don kada iskar ta tsere da wuri. In ta taru sai ta ɗaga jirgin kaɗan, ya zauna bisanta kamar yadda mutum ke zama bisa matashi. Sa'an nan wata babbar farfela a baya ta ingiza shi gaba.

Mota takan tara nauyinta duka bisa ƙafafu huɗu. Shi kuwa nauyinsa a baje ya ke ko'ina, don haka ya kan wuce bisa ƙanƙara marar kauri. In ma ta tsage, ba kome, sai ya bi ta kan ruwan, ya sake hawa can gaba.

Kada ku zaci tuƙinsa wasa ne. Ba shi da birki irin na mota, tun da ba ya taka ƙasa. Iska mai ƙarfi takan kaɗa shi gefe, tsinin ƙanƙara kuma ya kan yage robar. Shi ya sa direba ya kan rage gudu tun yana nesa da gaci, yana duban hanya da kyau.