WANKE ALLO: IDAN KOTU TA GOGE LAIFINKA, ME YA RAGE A KANKA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

'Yan uwa, darasinmu na yau ya samo asali ne daga wani saƙo da wani bawan Allah mazaunin Amurka ya turo mini, ya kuma ba ni izinin in yi bayani a fili ba tare da ambaton sunansa ba. Yana ɗan shekara 19 aka kama shi ya ɗauki kaya a wani kanti bai biya ba. Kotu ta ci shi tara, ya biya. Daga baya Allah Ya shiryar da shi, ya kama sallah, ya yi karatu. Amma duk inda ya nemi aiki, da zarar an bincika sunansa a kwamfuta sai a ce ya je za a neme shi. A bara lauya ya shigar masa da buƙata, alƙali ya ba da umarnin a goge laifin daga rajista. Ga tambayar tasa: "Malam, takardar neman aiki tana tambaya ko an taɓa samuna da laifi. Lauya ya ce in rubuta a'a. Ni kuwa ina tsoron kada in ci abinci da ƙarya. Mene ne hukunci?"

Wallahi tambayar ta burge ni, domin mai tsoron Allah ne kaɗai zai tsaya yin ta. Sai dai malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Don haka bari mu fara da sanin wannan gogewar.

1. YADDA ABIN YAKE A CAN

A Amurka ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 3 yana da wani tabo a rajistar hukuma, ko da kama shi kawai aka yi aka sake shi. Masu ɗaukar ma'aikata da masu ba da hayar gida suna duba wannan rajista. A 2003 wata mai bincike, Devah Pager, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a birnin Milwoki. Ta tura matasa neman aiki da takardu iri ɗaya, wasu da tarihin ɗauri, wasu babu. A cikin fararen fata, waɗanda aka sake nema sun sauko daga kashi 34 cikin ɗari zuwa 17. A cikin baƙaƙen fata kuwa daga 14 zuwa 5. Ka ga ashe hukuncin alƙali yana ƙarewa, amma na takarda ba ya ƙarewa.

Wannan ne ya sa jihohi suka yi dokokin gogewa. Kowace jiha da tata doka, amma tsarin ya yi kama da juna. Sai mutum ya gama hukuncinsa, ya yi wasu shekaru bai sake aikata laifi ba, sannan ya shigar da buƙata a kotu. Wasu jihohin suna share rubutun ne, wasu kuma rufe fayil ɗin kawai suke yi, jama'a ba sa gani amma 'yan sanda da kotu suna gani. Manyan laifuka irin su kisan kai da fyaɗe galibi ba sa shiga.

Da aka lura talaka ba ya iya bin wannan hanya saboda kuɗin lauya da wahalar takardu (wani bincike a jihar Mishigan ya gano kashi 6.5 cikin ɗari ne kacal na waɗanda suka cancanta suke samu cikin shekara 5), sai jihar Fensilbaniya ta yi wata doka a 2018 wadda sunanta yake nufin wankakken allo. Kwamfutar hukuma ce da kanta take rufe ƙananan laifuka idan lokaci ya cika. Jihar Niyok ta bi sahu a 2023: shekara 3 ga ƙaramin laifi, 8 ga babba. Ingila kuwa tun 1974 take da dokar da ke ɗaukar wasu hukunce-hukunce a matsayin waɗanda suka shuɗe bayan wani wa'adi.

Kada a haɗa wannan da afuwar da muka sani a Najeriya, wadda sashe na 175 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa, sashe na 212 ya ba gwamna. Afuwa alfarma ce daga shugaba, ya ga dama ya yi, ya ga dama ya ƙi. Gogewa kuwa ƙa'ida ce, duk wanda ya cika sharuɗɗa yana iya nema.

2. SHIN ƘARYA CE?

Ga abin da na fahimta, Allah ne Mafi sani. Ana auna amsa ne da abin da tambayar take nufi a wurin da aka yi ta. Manzon Allah (SAW) ya karantar da mu cewa rantsuwa tana kan manufar wanda ya nemi a rantse masa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. To a jihar da doka ta bayyana cewa tambayar mai ɗaukar aiki ba ta shafi laifin da aka goge ba, shi ma mai tambayar a ƙarƙashin wannan doka yake tambaya, kuma ya san da ita. Ma'anar tambayarsa ta koma: akwai laifin da ke tsaye a kanka a rajista? Idan ka ce a'a, gaskiya ka faɗa.

Amma fa a kula. Akwai takardun da suke faɗa ƙarara cewa ka bayyana ko da an goge. Takardar neman zama ɗan ƙasa a Amurka tana cikinsu, domin hukumar shige da fice ta tarayya ba ta ɗaukar gogewar jiha a matsayin abin bai faru ba. Haka wasu ayyukan tsaro da wasu lasisin sana'a. A nan idan ka ce a'a, ƙarya ce tsagwaronta, sau da yawa ma a kan rantsuwa. Ka saɓa wa Allah, kuma ka jefa kanka cikin laifin da ya fi na farko. Na ce wa ɗan uwan nan ya riƙa karanta kowace takarda a tsanake, inda ya rikice ya koma wa lauyansa. Ni hukuncin shari'a nake bayani, shi ne ya san dokar jiharsu.

Kuma kada shaiɗan ya raya maka cewa cikar tuba ita ce ka riƙa tallata tsohon laifinka. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mutumin da Allah Ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona wa kansa. Neman gogewa ta hanyar doka neman sutura ne, kuma sutura abin so ce a Musulunci.

3. ABIN DA ALƘALI BA YA IYA GOGEWA

Da na gama ba shi amsa sai na tambaye shi: kayan da ka ɗauka, ka mayar ko ka biya kuɗinsu? Ya ce an ƙwace su a wurin a ranar. Na ce to, ranar ce kaɗai ka taɓa ɗauka? Sai ya yi shiru. Can ya rubuto: "A'a Malam, ranar ce dai aka kama ni."

Nan ne gizo ke saƙa. Rajistar kotu abin da aka kama ka da shi kawai ta sani. Littafin da mala'iku suke rubutawa bai bar ƙarami ko babba ba, kamar yadda aya ta 49 a Suratul Kahfi ta nuna. Shi wannan littafin tuba ce take wanke shi, da sharuɗɗanta da malamai suka ambata: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, idan kuma haƙƙin wani ne ka mayar masa ko ka nemi yafiyarsa. Ku tuna hadisin matsiyacin gaskiya, wanda zai zo ranar ƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya zagi wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare. Umarnin alƙali ba ya aiki a wannan kotun.

Na ce masa ya ƙiyasta kuɗin, ya nemi hanyar mayar wa masu kantin, ba dole sai ya bayyana kansa ba. Idan ya yi iya ƙoƙarinsa bai same su ba, ya yi sadaka da kuɗin ya fita daga hannunsa. Wanda ya yi haka yana da albishir da babu dokar da ta kai shi. Doka iyakarta ta share. Aya ta 70 a Suratul Furƙan kuwa ta nuna cewa wanda ya tuba ya yi imani ya kyautata aiki, Allah Yana musanya masa munanan ayyukansa da kyawawa.

4. RAJISTAR BAKINMU

Yanzu bari in juyo kanmu, mu da muke karantawa daga gida. Mu ba ma buƙatar kwamfuta, bakinmu ya ishe mu. Yaro ya yi wata shida a gidan yari yana ɗan shekara ashirin, yau yana da arba'in, amma har gobe sunansa "tsohon fursuna". Ya nemi aure a hana shi, ya nemi a ɗauke shi yaron shago a ƙi, takalmi ya ɓace a masallaci kowa ya waiga inda yake. Mun toshe masa duk ƙofofin halal, idan ya koma ruwa kuma mu ce ai dama mai hali ba ya fasa halinsa.

Ba haka magabata suka yi ba. Matar nan ta ƙabilar Makhzum da aka yanke wa hannu saboda sata, Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa tubanta ya yi kyau, ta yi aure, kuma tana zuwa wurinta tana isar mata da buƙatunta ga Manzon Allah (SAW). A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin mutumin da aka zo neman auren 'yar uwarsa, sai ya tono wani kuskure da ta taɓa yi. Da labari ya kai wa Sayyidina Umar (RA), ya doke shi ko ya kusa dukansa. Har wanda aka yi wa bulala saboda ƙazafi, Malik da Shafi'i da Ahmad suna ganin ana karɓar shaidarsa idan ya tuba, duk da Abu Hanifa ya saɓa musu.

Wannan ba ya nufin a rufe ido. Mumini ba a sararsa sau biyu a rami ɗaya. Wanda aka sani da cutar da yara ba a ba shi ajin yara, ko ya tuba, kuma su kansu dokokin can sun ware irin wannan. Wanda ya zo neman shawara a kan aure ko haɗa jari, kuma ka san akwai cutarwar da har yanzu ake tsoro, wajibi ne ka faɗa masa gwargwadon buƙata, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi wa Faɗimatu bint Ƙais bayanin masu neman aurenta. Ma'aunin shi ne: cutar da ake tsoro gobe kake tarewa, ko kuwa kunyar jiya kake tonowa? Na farko nasiha ce. Na biyu cin naman ɗan uwa ne.

Ɗan uwan nan ya sake rubuto mini kwanan baya. Ya ce ya aika wa masu kantin kuɗin, kuma ya fara aiki a wani kamfanin jigilar kaya. Ya roƙi a sa shi a addu'a, ni ma ina roƙon ku sa shi.

Kowannenmu ya duba unguwarsu. Akwai wani da ya gama hukuncinsa tun tuni amma mu ba mu sake shi ba? Idan kana da shago ko gareji ko gona, gwada shi da ƙaramar amana, ka ga abin da Allah zai yi.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya karɓi tubanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin bayinSa kafin ranar da babu dinare babu dirhami. Wallahu a'alam.