Darasi: A Sauya Raga Tun Ba Ta Yage Ba

Karatu: Maimaitawar Shari'a 23:12-14

'Yan'uwa, a wannan nassi Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe wurin zagayawa a bayan zango, su kuma rufe ƙazanta da ƙasa. Ashe tsabtar mazauninmu ba ƙaramin abu ba ne a gaban Ubangiji.

A wasu manyan birane akan tara ruwan datti wuri ɗaya a tace shi. Akwai irin wannan matata a Wupa, cikin Abuja. A irin wannan wuri ruwa yakan fara bi ta ragar sandunan ƙarfe, wadda ke tare leda, tsummoki da itace. In tsatsa ta ci sandunan, shara ta wuce ta toshe injin tura ruwa, aiki ya tsaya. Shi ya sa akan sauya raga tun ba ta karye ba.

Mu a ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bunguɗu ba mu da matata. Tamu ragar ita ce wadda ake sawa a bakin rariyar gida, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi zuwa ramin duwatsu. In ta yage, guntun tuwo da leda su toshe ramin. Ruwa ya kwanta, sauro da ƙudaje su samu gida. Da damina kuma ruwan sama ya kwashe dattin zuwa rijiya. Mu tuna, a 2021 Zamfara tana cikin jihohin da cutar amai da gudawa ta fi addaba.

Abin yi:
1. A kwashe sharar da raga ta tare kullum, a binne ta, a wanke hannu da sabulu.
2. A duba raga kowane wata. In ta yi tsatsa ko ta huje, a sa sabuwa, kada a yi faci.
3. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya.
4. A gama gyara kafin ruwan fari.

Tambayoyi don tattaunawa:
Ina ruwan dattin gidanka yake zuwa? Yana cutar maƙwabci?
Wa ke duba rariyar gidan fasto da ta makarantar ikilisiya?
Yaya zumuntar mata da matasa za su taimaki gwauraye da tsofaffi su sauya tasu?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu aminci cikin ƙananan ayyuka, domin lafiyar maƙwabtanmu. Amin.